Baget ɗin jiya ko burodi mai laushi: wanne ya fi dacewa da soyayyen burodi mai kirfa?

A yawancin gidajen Yamai da ake karya kumallo da shayi, ba a rasa guntun baget, wato dogon burodin nan irin na Faransa, da ya kwana a cikin leda ko a kan tire, ya yi tauri har yara sun ƙi shi, manya kuma suna jin nauyin zubar da shi. Wannan guntun shi ne asalin abincin da Faransawa suke kira pain perdu, ma'ana burodin da aka riga aka yanke ƙauna a kansa. Ana tsoma shi a cikin haɗin ƙwai da madara da sukari, a soya shi a ɗan mai kaɗan, a barbaɗa masa kirfa, sai ya dawo abincin da ake rububi. Dabarar ta girmi Faransa kanta, domin Romawa sun bar rubutaccen bayani na jiƙa burodi a madara, a soya shi, a zuba masa zuma, kuma har yau mutanen Sifaniya suna yin irinsa a makon da ke gaban bikin Ista, mutanen Fotugal da Burazil kuma a lokacin Kirsimeti. Tambayar da maƙwabtana a Bukoki suka fi yi mini a kai ita ce ta burodi: shin a yi shi da baget, ko da burodin nan mai laushi da zaƙi da ake yankawa fale-fale, wanda masu shayi suke jerawa a kan teburinsu? Na daɗe ina yin duka biyun, kuma na ga cewa amsar wannan tambaya ce take yanke hukunci a kan sauran abubuwa, tun daga yawan ƙwai har zuwa ƙarfin wuta.

Bambancin ya faro ne daga abin da aka kwaɓa kowannensu da shi. Baget na asali fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, ba sukari, ba mai, ba madara; a Faransa ma akwai dokar 1993 da ta ƙayyade abin da ake sakawa a burodin da za a kira na gargajiya, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar gasa baget cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Rashin mai da sukari shi ya sa baget yake da ɓawo mai ƙarfi da ciki mai manyan ramuka, shi ne kuma ya sa ba ya jure kwana, domin da yamma ta yi ya fara taurara. Burodi mai laushi kuwa, ko na leda da ake sayarwa a yanke a manyan kantuna, ko mai kusurwa huɗu irin wanda aka fi sani a Najeriya, ana kwaɓa shi da sukari da mai, wani lokaci har da madara, don haka ɓawonsa siriri ne, cikinsa kuma a haɗe yake da ƙananan ramuka kamar soso. Yakan kwana biyu ko uku bai canza sosai ba, wanda alheri ne ga mai shayi, amma ga mai son soya shi wannan laushin ne yake zama abin lura.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a cikin burodi idan ya kwana, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Taurin burodin jiya ba bushewa kaɗai ba ne. Sitacin fulawa da ya kumbura ya yi laushi a cikin tanda yana sake ɗaurewa sannu a hankali bayan burodin ya huce, ruwan da ke cikinsa kuma yana ƙaura daga tsakiya zuwa ɓawo, shi ya sa burodin da aka ɗaure a leda yakan yi tauri a ciki, ɓawonsa kuma ya yi danƙo. Sanyi yana gaggauta wannan ɗaurewar, don haka wanda ya saka baget a firigo da nufin ya tsare laushinsa ya ƙara masa saurin tsufa ne. Zafi kuma yana warware ta, domin da zarar cikin burodin ya haura kimanin digiri 60, sitacin yakan sake sakin jiki. Wannan ne dalilin da ya sa baget ɗin jiya ya dace da suya: yana da ƙashin da zai riƙe siffarsa a cikin madara, yana da ramukan da za su sha haɗin har tsakiya, idan kuma ya hau wuta sai ya koma laushi kamar ba shi ne aka gaza tauna ba. Burodi mai laushi ba shi da wannan ƙashin, mai da sukarin da ke cikinsa suna jinkirta ɗaurewar sitacin, don haka ko ya kwana biyu, da ya taɓa madara sai ya fara narkewa.

Na koyi wannan ne da idona wata Lahadi da goggona ta zo mana daga Tawa. Na sayo burodi mai laushi sabo, na yanka shi siriri, na zuba yankan duka a cikin kwanon haɗin, na juya don in hura gawayi. Kafin garwashi ya kama, yankan sun sha madara sun lanƙwashe, da na sa cokali zan ɗaga na farko sai ya rabe biyu, rabi a cokali rabi a kwano. Goggo tana zaune a kan tabarma tana kallona, sai ta ce, "Ɗiyata, wannan burodin ba ya son wanka, alwala kawai ake yi masa." Ta sa na ɗauko baget biyu da suka rage tun daren Juma'a, ta yanka su a karkace da kauri, ta jera su a tire, ta zuba musu sauran haɗin, ta ce in bar su har ta gama lazimi. Da na soya su, wajen ya yi ja yana ƙarmas-ƙarmas a baki, cikin kuma ya yi taushi kamar an dafa ƙwai da madara a cikin ɓawon. Tun daga ranar nake auna lokacin jiƙo da irin burodin da ke hannuna.

Ga yadda lokacin yake a wurina. Baget mai kwana ɗaya da aka yanka da kaurin santimita 2 zuwa 3 yana son minti 3 zuwa 5 a kowane gefe. Idan ya kwana biyu, ko kuma lokacin hunturu ne, da iskar take busar da komai har burodin ya yi ƙamas yana ƙara idan an buga shi a tire, sai a ba shi minti 10 ko ma 15, ana juyawa, har sai an danna tsakiyarsa da yatsa an ji ya lotsa ba tare da ya farfashe ba. Burodi mai laushi kuwa daƙiƙa 10 zuwa 20 a kowane gefe sun ishe shi, kuma a tsoma yanka ɗaya ɗaya, daga kwano zuwa kasko kai tsaye. Wanda ba shi da wani burodi sai mai laushi sabo yana iya gyara shi: ya yanka da kauri tun da dare, ya baje a tire ya rufe da rariya ko mayafi mai tsabta don ƙuda, ko kuma da safe ya ɗan gasa yankan a busasshen kasko minti ɗaya kowane gefe kafin ya tsoma. Da damina sai a ƙara lura, domin laima tana sa burodin da ke cikin leda ya yi fumfuna da wuri, musamman mai laushin, kuma burodin da fumfuna ta taɓa ba a kankare shi a soya, zubar da shi ake yi gaba ɗaya, saboda saiwoyinta suna ratsa cikinsa inda ido ba ya gani.

Ta fuskar kuɗi kuma lissafin bai tsaya a farashin burodi ba. Baget ya fi araha, sau da yawa ma ragowa ne da an riga an biya kuɗinsa jiya, amma yana shan haɗi da yawa. Ga baget guda ɗaya da za ta ba da yanka 10 zuwa 12, ina fasa ƙwai 3, in zuba madara rubu'in lita, da sukari babban cokali 2, da kirfa rabin cokalin shayi, da ɗan gishiri a bakin yatsu biyu, kuma ba ya rage komai a kwano. Wannan haɗin zai iya tsoma yanka mai laushi da yawa fiye da haka, domin kowanne fatarsa kawai yake jiƙewa. Saboda haka gidan da ƙwai ya yi wa tsada, yara kuma suna da yawa, zai ga kamar burodi mai laushi ya fi auki. Sai dai abin da ake ci a ƙarshe ba ɗaya ba ne: yanka biyu na baget da suka sha ƙwai da madara har ciki suna riƙe yaro zuwa tashin makaranta, yayin da mai laushin, da yake galibinsa fulawa ne da sukari, yakan sa a nemi ƙari. Ni dai idan na lissafa abin da ya shiga cikin yaro, ina ganin kuɗin ƙwan da baget ya sha bai tafi a banza ba.

Da damina, lokacin da ƙwan zabi ya cika kasuwa daga ƙauyuka, ana iya amfani da shi a madadin na kaza, kuma yana ba da launi mai kyau da gardi saboda yawan gwaiduwarsa. Ya fi na kazar gidan gona ƙanƙanta, don haka inda za a fasa 3 sai a fasa 4. A riƙa fasa kowanne a ƙaramin kofi dabam kafin a juye a kwano, domin ƙwai guda da ya lalace yana ɓata madara da sukari da kirfa baki ɗaya.

Zaɓin madara ma yana bin zaɓin burodi. Madarar gari ita ce ta fi sauƙin samu a kowane shago, ba ta kuma bukatar firigo, abin da ke da muhimmanci a watannin Afrilu da Mayu, da zafi yake haura digiri 40 kuma wuta take yawan ɗaukewa. Kimanin giram 130 ne ke yin lita guda, wato babban cokali 4 a cike a cikin rubu'in lita na ruwa, kuma a dama ta da ruwa mai ɗumi kaɗan a bari ta huce kafin a haɗa da ƙwai, domin ruwan zafi yana dafa ƙwan ya yi gudaji. Ita ce nake zaɓa wa baget, saboda tsinkewarta tana ba ta damar ratsa ramukan har tsakiya. Madarar gwangwani marar sukari an ƙafe mata fiye da rabin ruwanta, don haka tana da kauri da maiƙo; ga baget sai an sirka ta da ruwa daidai da ita, amma ga burodi mai laushi kaurin nata alheri ne, domin tana lulluɓe yankan ba tare da ta caɓa shi ba. Ita kuwa madarar gwangwani mai sukari, wadda masu shayi suke tsiyayawa a kofi, kusan kashi 45 cikin 100 nata sukari ne, idan aka haɗa ta da burodin da shi ma yana da sukari, wajen zai ƙone tun ciki bai nuna ba. In dai ita kaɗai ce a gida, a sirka ta sosai, a kuma bar sukarin haɗin gaba ɗaya. Madarar shanu sabuwa da matan Fulani suke kawowa ta fi duka ɗanɗano, amma wajibi ne a tafasa ta a bari ta huce, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar tarin fuka da na baƙƙale, zafin ƴan mintocin suya kuma ba abin dogaro ba ne a kan haka.

A kan wuta ne bambancin burodin biyu yake fitowa fili. Haɗin ƙwai da madara yana kamawa ne idan cikin yankan ya kai wajen digiri 75 zuwa 80, sukari kuma yana fara narkewa ya yi ja a kusan digiri 160, daga nan zuwa ƙonewa tazarar kaɗan ce. Yankan baget mai kauri da ya sha haɗi yana bukatar wuta marar ƙarfi da haƙuri, minti 3 zuwa 4 a kowane gefe, kuma yana da kyau a rufe kaskon da murfi a minti biyun farko don tururi ya dafa tsakiya, sannan a buɗe don wajen ya bushe ya yi ƙarmas. Alamar nunarsa ita ce ya ɗan kumbura, idan an danna shi kuma ya dawo ba tare da ruwan ƙwai ya tsatso ba. Burodi mai laushi yana son wuta matsakaiciya da sauri, minti 1 zuwa 2 a gefe, ido kuma a kansa, domin sukarin da ke cikinsa yana saurin yin baƙi. Mai murhun gas tana da sauƙin sarrafa kowanne. Mai gawayi kuwa baget ya fi yi mata daidai, domin garwashin da ya lafa ya yi farar toka a sama yana ba da irin zafin nan mai natsuwa da baget yake so, sai dai ta jira harshen wuta ya mutu kafin ta ɗora kasko, ta kuma janye garwashi gefe idan ta ji ƙauri ya fara tashi. Kasko mai kaurin gindi ya fi na falange, saboda yana raba zafi daidai.

Batun mai gajere ne, amma akwai tarko ɗaya a ciki. Man shanu shi ne ya fi dacewa da kirfa, ɗanyensa kuma yana saurin ƙonewa saboda ragowar nonon da ke cikinsa, don haka ga baget da zai daɗe a wuta ya fi kyau a narka shi tukuna a tsiyaye tataccen, ko a gauraya shi da man gyaɗa rabi da rabi. Tarkon shi ne soyayyen man shanun da muke ajiyewa don tuwo da dambu, wanda galibi da albasa aka soya shi; ƙamshinsa a kan miyar kuka abin so ne, amma a kan burodi mai sukari da kirfa ba ya haɗuwa ko kaɗan. Margarin yana yi ga burodi mai laushi da ba ya daɗewa a kasko. Kowanne aka zaɓa, cokali guda ya ishi zubi ɗaya, domin wannan ba suyar ƙosai ba ce da ake nutsar da abu a cikin mai, kuma a goge kaskon tsakanin zubi da zubi don ɓurɓushin da ya ƙone kada ya ba wa na baya ɗaci.

Kirfa ita ce ta raba wannan abinci da burodi da ƙwai na mai shayi, kuma a kanta nake son in ɗan daɗe, domin abin da ake sayarwa da suna ɗaya iri biyu ne. Akwai kirfar Siri Lanka, wadda ɓawonta siriri ne, an naɗe shi ninki-ninki kamar takarda, launinta ja mai haske, tana kuma marmashewa da yatsu. Ƙamshinta sanyi-sanyi ne mai ɗan zaƙi. Akwai kuma wadda ake nomawa a Sin da Indunisiya da Biyetnam, mai kauri da duhu, ɓawo guda da ya lanƙwashe daga gefe biyu, mai tauri sai an sa turmi. Ita ce mai ƙarfin ƙamshi da ɗan yaji a harshe, ita ce kuma aka fi samu a wurin masu kayan ƙamshi a Babbar Kasuwa da Wadata, haka kuma galibin garin kirfa na leda daga gare ta ake niƙa shi. Ga baget, wanda shi kansa ba shi da ɗanɗanon komai sai na alkama da gishiri, mai ƙarfin ta fi fitowa, tana kuma kashe ƙarnin ƙwan da ya shiga ciki da yawa. Ga burodi mai laushi, mai zaƙi da ƙamshin mai tun daga gidan burodi, siririyar ta fi daidaita, ko kuma a rage mai ƙarfin zuwa rabi.

Akwai kuma dalilin lafiya da ya sa ya kamata a san wadda ke hannu. Kirfa mai kaurin tana ɗauke da wani sinadari da ake kira kumarin, wanda yawansa a kullum yana iya wahalar da hanta ga wasu mutane, ita kuwa ta Siri Lanka ɗan kaɗan ne a cikinta. A 2004 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade abin da jiki zai iya ɗauka a kowace rana ba tare da damuwa ba, wato miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum, hukumar Jamus mai auna haɗarin abinci kuma ta lissafa cewa babba mai kilo 60 zai kai wannan iyaka da kimanin giram 2 na kirfa mai kauri a rana, yaro mai kilo 15 kuma da rabin giram. Cokalin shayi guda na garin kirfa ya ɗan haura giram 2 da rabi. Rabin cokalin da na ambata, idan aka raba shi tsakanin mutum biyar, bai kai iyakar ko da ƙaramin yaro ba, balle abincin da ake yi sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya kamata ya lura shi ne gidan da ake zuba kirfa a shayi da kunu kowace rana, sannan a ƙara barbaɗa ta da yawa a kan burodin yara.

Yadda ake saka ta ma yana da ƙa'ida. Garin kirfa ba ya narkewa a ruwa, idan aka zuba shi a kan madara sai ya taso ya yi yawo a sama, yankan farko ya kwashe shi duka, na ƙarshe ya fito fari. Maganin shi ne a gauraya kirfar da sukari da gishiri a busasshen kwano, a fasa ƙwai ɗaya a kai a kaɗa har ya zama kamar kwaɓi, sannan a ƙara sauran ƙwan, madara kuma ta zo a ƙarshe. Da burodi mai laushi na fi son in bar kirfar daga cikin haɗin gaba ɗaya, in gauraya ta da sukari kaɗan in barbaɗa a kan yankan da zarar an sauke su suna da zafi, domin kirfar da ta zauna a fatar burodi tana taɓa kasko kai tsaye, ta ƙone ta yi ɗaci. Wanda ya sayi sandar kirfa ya daka kaɗan kaɗan ya tankaɗe da rariya mai laushi ya fi wanda ya sayi gari da yawa, saboda man da ke ba ta ƙamshi yana gudu da sauri a zafin Yamai, kuma garin da ya yi watanni a leda a gefen murhu launi kawai yake bayarwa.

Duk da fifikon da nake ba wa baget, akwai lokutan da burodi mai laushi shi ne daidai, kuma ba na jin kunyar sayensa. Safiyar ranar makaranta, da ake neman a fita kafin ƙarfe bakwai da rabi, ba ta da minti 15 na jiƙo da minti 8 na suya ga kowane zubi. Mai laushin cikin minti 10 an gama an zuba a faranti. Tsoho ko tsohuwa da haƙora suka yi rauni, da yaron da bai daɗe da fara cin abincin gida ba, ɓawon baget yana iya ba su wahala ko bayan ya jiƙu, sai dai in an yanke ɓawon, kuma idan aka yanke shi an raba baget da abin da ke riƙe shi. Haka nan wanda yake son zaƙi sosai zai fi jin daɗin mai laushin. Baget kuwa na ranar Asabar ne da Lahadi, da ranar da aka yi baƙi, da kuma sahur, domin ana iya jera yankan a tire a zuba musu haɗin tun bayan sallar isha'i, a rufe a saka a firigo, da asuba sai suya kawai. Sharaɗin wannan shi ne firigon ya kasance yana aiki dare duka; idan wuta ta ɗauke ta daɗe, haɗin ɗanyen ƙwai da madara da ya kwana a zafi ba abin ci ba ne, kuma gidan da ba firigo sai a yi jiƙon a lokacin da za a soya.

Abin da ake ɗorawa a kai shi ma yana bin burodin. Baget yana karɓar zuma da kyau, domin zaƙinsa kaɗan ne, ramukansa kuma suna riƙe ta, sai dai ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan. Dabinon Agadas da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa a ruwan ɗumi aka yayyanka yana tafiya da kirfa fiye da yadda mutum zai zata, kuma da shi ana iya rage sukarin haɗin zuwa cokali guda. Lokacin mangwaro, ƴan yanka masu ɗan tsami a gefen faranti suna yanke maiƙon. Burodi mai laushi kuwa zuma tana yi masa yawa, gara a ci shi da kirfa da sukarin da aka barbaɗa kawai, ko da kindirmo marar sukari, da shayin da ba a cika wa sukari ba.

Don haka wanda ya tambaye ni wanne zai saya takanas don wannan abinci, sai in ce ya ƙara baget ɗaya a kan wanda ya saba saya da yammacin Juma'a, ya naɗe shi a takarda ko a tsumma mai tsabta maimakon leda, ya ajiye shi a inda iska ke shiga, nesa da firigo. Da safiyar Asabar ya yanka shi a karkace da wuƙa mai haƙora, ƙarshen biyu masu tauri kuma ya fara jefa su cikin haɗin kafin sauran, domin su ne suka fi daɗewa kafin su sha, a soya su a zubin ƙarshe lokacin da garwashi ya riga ya lafa.